Mahaifinmu makaɗi ya rasu ya bar kalangu: in gaje shi ko in bari?

Ɗan Makaɗi, daga ƙasar Ringim

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar iyaye da yayye da ke wannan zaure a kan wata magana da ta hana gidanmu sakat tun da aka yi sadakar arba'in ta mahaifinmu. Marigayin makaɗin kalangu ne, shi ne kuma shugaban makaɗan garinmu, kamar yadda mahaifinsa ya riƙe kafin shi. Da wannan sana'a ya ciyar da mu, da ita ya ɗauki nauyin karatuna har na gama kwalejin horar da malamai, yanzu kuma ina koyarwa a wata firamare da ba ta da nisa da gida. Ni ne babban ɗa namiji. Tun ina ƙarami nake bin sa gidajen biki da rumfar mahauta ranar kasuwa ina riƙe masa ƙaramar ganga, hannuna kuwa ya faɗa sosai, amma da na shiga sakandare sai na janye jiki saboda gorin da abokan karatu suke yi mini cewa ni ɗan maroƙi ne.

Yanzu an sa ni a tsakiya. 'Yan amshin marigayin, waɗanda wasunsu sun haife ni, sun zo sun same ni da maganar cewa kaka ta kawo jiki, bukukuwa za su kankama, idan ban fito na tsaya a gurbinsa ba ƙungiyar za ta watse, suka kuma tuna mini cewa kyan ɗa ya gaji ubansa. Baffana, wanda ya bar kiɗa tun yana saurayi ya kama fataucin hatsi, yana ganin Allah ne Ya kawo lokacin da gidanmu zai rabu da sunan roƙo, don haka a sayar da kayan kiɗan kowa ya huta. Mahaifiyarmu tana cikin takaba, ba ta ce uffan ba, sai dai ta hana a fitar da kalangun daga ɗakinsa. Ga kuma maganar aurena da ake ciki, wadda na san iyayen yarinyar sun amince ne da malamin makaranta, ban san yadda za su karɓi makaɗi ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, tun da aka yi rasuwar nan waƙa take zuwa mini a baki, ni da ban taɓa ƙulla waƙa ba a rayuwata. Ina jin ana cewa rashi shi ke fito da mawaƙi, ana kafa hujja da Ɗan Maraya. Shin haka ne, ko kuwa zafin mutuwa ne da zai huce ya bar ni da nadama? Kuma tsakanin 'yan amshi da baffa da mahaifiya, maganar wa ya kamata in ɗora a gaba?

Tsohon Hedimasta, Wudil

Wa alaikumus salam. Ɗana, ya ƙarin haƙuri? Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya kyautata makwancinsa, Ya albarkaci bayansa.

Tunda ka ambaci Ɗan Maraya, bari mu fara da shi, domin mutane suna ɗaukar rabin labarinsa su bar rabi. Sunansa na yanka Adamu, an haife shi a Bukuru kusa da Jos a 1946, mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru ne, kuma uwa da uba duk sun rasu tun bai san su ba. Wannan kowa ya sani. Abin da ake mantawa shi ne Sarkin ne ya ɗauke shi ya riƙe, wato yaron ya tashi a gidan da ake jin kiɗa, gidan da makaɗi yake da matsayi, ga kuma mai ciyar da shi. Marayu nawa aka yi a ƙasar Hausa a wannan shekara, kuma nawa ne a cikinsu suka zama mawaƙa? A ganina abin da maraici ya ba shi shi ne idon ganin mutumin da ba a kulawa da shi, shi ya sa da ya rungumi kuntigi, wadda mutum ɗaya ke kaɗawa ba tare da tawagar fada ba, ya fi karkata ga yaran mota da 'yan ƙwadago da matsalolin zaman aure, a kan haka kuwa aka san shi har ya rasu a 2015.

Ka dubi Alhaji Mamman Shata, wanda nasa al'amarin ya zo a juye. Mahaifinsa yana raye a Musawa lokacin da ya fara, gidansu ba gidan kiɗa ba ne, kuma uban bai so ɗansa ya shiga abin da ake kallo a matsayin roƙo ba. Ɗan haye ne, ya yi waƙa duk da rashin yardar gida, har zuwa rasuwarsa a 1999. Alhaji Musa Ɗanƙwairo kuwa ɗan gado ne tsantsa, a ƙungiyar mahaifinsa ya koya, ya yi zaman biyayya a ƙarƙashin yayansa Kurna kafin ya ja tasa tawagar, da ya rasu a 1991 kuma 'ya'yansa suka ci gaba. Ga maraya, ga wanda gida ya ƙi, ga wanda gida ya rena a kan sana'ar, dukansu sun shahara, saboda haka ba za a ce rashi ne tushen baiwa ba.

Abin da mutuwar uba take yi, wanda na gani a gidaje da yawa a tsawon zamana na koyarwa a ƙauyuka, shi ne ta sauya mai yanke hukunci a gida da mai ciyarwa. Game da waƙar da ka ce tana zuwa maka, ni ban ga abin mamaki ba. Shekarun da ka yi kana tsaye a bayansa ne suke fitowa. Muddin uba yana jan waƙa, ɗa amshi kawai yake yi, ko a fili ko a zuci, balle kai babban ɗa da kunya ta al'ada ta shiga tsakaninku. Yanzu da babu muryar da za ka ji nauyin ɗagawa a kanta, taka ta samu hanya. Ka lura da abu ɗaya: idan duk abin da ke zuwa maka a kan marigayin ne kaɗai, to kewa ce, za ta lafa. Idan kuwa ka wayi gari kana ƙulla wa manomi ko mahauci ko maƙwabcin da ya ba ka haushi, to abin ya zauna.

Jikar Zabiya, Haɗeja

Ƙanena, Allah Ya ba ku haƙurin rashi. Na karanta bayaninka, na ga ka ba 'yan amshi da baffa fili mai yawa, mahaifiyarka kuwa ka taƙaita ta a layi ɗaya, alhali ita ce ta fi kowa magana a gidan nan. Matar da take cikin takaba ta hana a taɓa kayan mijinta ai ta faɗi abin da za ta faɗa. Sai dai kada ka yi saurin fassara shi da cewa tana son ka gaje shi. Mai yiwuwa ba ta shirya ganin ɗakin wayam ba ne kawai, mai yiwuwa kuma ita ce ta fi kowa sanin dararen da ya kwana a hanya da ranakun da ya dawo hannu rabbana, ba ta son ɗanta ya sha irin wannan. Takaba wata huɗu ne da kwana goma. Bai dace a yanke hukuncin sayarwa ko na gado ba kafin ta fita, ta samu natsuwar da za ka zauna a gabanta ka tambaye ta, ko ka tura wata 'yar'uwarta da take sakin jiki da ita idan kunya ba za ta bar ta ta gaya maka ba.

Kakata ta wajen uwa zabiya ce, mai kiɗan ƙwarya, kuma rayuwarta ta koya mini cewa a wajen mata rashi da iyali suna aiki ne ta wata fuskar daban. Ta iya waƙa tun tana budurwa a dandali, da aka yi mata aure ta ajiye, domin mijinta bai lamunta ba. Da ya rasu ya bar ta da marayu, dangin da suka yi alkawarin riƙo suka zame ɗaya bayan ɗaya, sai ta kifa ƙwarya a ruwa ta koma gidajen suna da biki, da wannan ta aurar da 'ya'yanta. Waɗanda suka kasa kawo mata ko kwanon gero su ne kuma suka fi kowa cewa ta zubar da mutuncin gida. Irin wannan muke gani har yau a harkar fim, inda yarinya take barin sana'a ranar da aka ɗaura mata aure, ta dawo bayan mutuwar aure ko mutuwar miji, jama'a su yi ta zargi ba tare da tambayar wanda ke biyan kuɗin haya da na makarantar yara ba. Namiji kamarka yana da zaɓi, har ma ana zuwa gida ana roƙonsa. Mace galibi larura ce take fito da ita, ko da baiwar tana nan tun farko.

Maganar aurenka kuwa kada ka raina ta. Mu mutanen Haɗeja muna alfahari da Haruna Uji da gurminsa, duk inda aka ambace shi sai mu ce namu ne, amma alfaharin bai hana a ci gaba da yi wa 'ya'yan makaɗa gori ba idan maganar neman aure ta taso. Bahaushe yana son kiɗa, yana liƙa wa makaɗi kuɗi, ba ya dai son ya zama surukinsa. Ka aika manyanka su gaya wa iyayen yarinyar gaskiyar abin da kake tunani tun kafin a sa rana, ita ma yarinyar ka ji ta bakinta, domin ita ce za ta zauna ita kaɗai duk daren da ka tafi biki.

Manomi, Ɗambatta

Malam, Allah Ya gafarta wa mahaifinka. Ni zan saɓa da waɗanda suka riga ni ta wani ɓangare, domin na ga ana ta kawo sunayen waɗanda suka shahara, kai kuwa tambayarka a kan gida ce mai marayu a ciki.

Sana'ar da mahaifinka ya ci abinci da ita ba ita ce za ka tarar ba. A da manomi yakan kira gayya, makaɗi ya bi bayan manoma da ganga, da kaka kuma ya zagaya ya karɓi dammunan gero da dawa. Yanzu maganin feshi da 'yan ƙwadago da tarakta sun kusa kashe gayya. Gidan biki kuwa, ko a ƙauye, yaro ɗaya da lasifika da janareta ya wadatar, amarya ma ta fi son a tafi situdiyo a Kano a yi mata waƙar fiyano da sunanta a ciki. Tun da aka ƙaddamar da shari'a a Kano da Jigawa a shekarar 2000, garuruwa da yawa sun taƙaita kiɗan dare da cakuɗuwar maza da mata, gidaje da dama kuma sun koma walima da wa'azi. Abin da ya rage mai maiƙo shi ne lokacin siyasa, wanda ba kullum yake zuwa ba, kuma yana jawo wa mutum gaba da maƙwabtansa. Kai kuwa albashi gare ka, komai ƙanƙantarsa, ga ƙanne da uwa a wuyanka. Ka tuna marigayi Rabilu Musa Ibro, mutumin Ɗanlasan a ƙaramar hukumar Warawa, wanda ya rasu a Disambar 2014. Duk da irin baiwar da Allah Ya yi masa, ya yi shekaru yana aikin gandiroba kafin ya tsaya ga wasan kwaikwayo kacokan. Idan irinsa bai saki aiki rana ɗaya ba, ban ga dalilin da zai sa kai ka yi ba.

Akwai kuma abin da ba wanda ya taɓo. Kalangun nan da gangunan da rigunan fita duk dukiyar mamaci ce, sun shiga cikin gado, kuma akwai haƙƙin ƙannenka da na mahaifiyarka a ciki. Baffa ba shi da ikon sayarwa don ra'ayinsa, kai ma ba ka da ikon ɗauka don kai ne babba. A kira malamin da ya san rabon gado, a fara da biyan bashin da ake bin marigayin, sannan a tambaye shi yadda za a yi da kayan kiɗan, domin malamai sun yi saɓani a kan hukuncin kiɗa, kuma wannan ya shafi yadda za a yi musu kuɗi. Ka yi wannan tambayar don kanka ma, ka ji daga malamin da ka amince da iliminsa, kada ka shiga abin da zuciyarka za ta riƙa ƙaiƙayi a kansa.

Baffanka kuma kada ka ɗauke shi maƙiyin sana'a. A gidan ya tashi, gorin da ya kore ka daga kiɗa a sakandare shi ya sha shi tun kafin a haife ka.

Tsohon Ɗan Amshi, ƙasar Kazaure

Ɗana ne yake rubuta mini wannan, ni nake faɗa masa. Yaro, Allah Ya jiƙan maigida. Duk da ban san shi ba, na san irin zaman da 'yan amshinsa suke yi yanzu, domin na yi shi.

Manomi ya faɗi gaskiya a kan kasuwa, amma shi da baffanka sun ɗauka kalangu shi ne gadon. Kalangu kango ne da fata da tsarkiya, ko an sayar gobe masassaƙi zai fafe wani. Abin da mahaifinka ya riƙe, wanda ba ya shiga rabon malam, shi ne sanin mutane. Ya san taken kowane mahauci a kasuwarku, ya san taken da ake yi wa gidan maigari da wanda ake yi wa maƙera, ya san kakan wane da garin da suka taso, ya san sunan da idan ya ambata dattijo zai miƙe ya cire hula ya ba shi, da wanda idan ya kuskura ya ambata za a tashi biki ba shiri. Babu inda aka rubuta wannan. Rabinsa ya bi shi kabari, sauran rabin yana kan waɗannan tsofaffin da suka zo wurinka, kuma su ma ba yara ba ne.

Sannan ya riƙe mutane. Shugaban makaɗa shi ke raba abin da aka samu bayan an tashi daga biki, kowa gwargwadon matsayinsa, shi ke sayen ragon suna idan ɗan amshi ya haihu ba shi da hali, shi ke zuwa asibiti, shi ke shiga tsakani idan an yi faɗa. Da suka ce maka ƙungiya za ta watse, abin da suke nufi shi ne ba su san wanda zai tsaya musu ba. Lokacin da namu maigidan ya rasu, ɗansa ya ce shi karatu ya sa a gaba, ban kuma taɓa ganin laifinsa ba. Muka ɗan jarraba mu kaɗai, rabon kuɗi ya haɗa mu rigima, kowa ya kama gabansa, wani ya koma dako, ni na koma gona. Yau idan jikokin mutanen da muka yi wa kiɗa suka tambaye ni taken gidansu, wani in tuna, wani ya ɓace mini.

Shawarata ita ce kada ka karɓi shugabanci a bana. Wanda ya bar fage tun yana sakandare ba zai dawo rana ɗaya ya ja waɗanda suka haife shi ba, ko sun ce sun yarda, ranar rabon kuɗi za ka gane ba su yarda ba. Ka ce wa babbansu ya ja ƙungiyar wannan kakar, a ba su aron kayan da izinin magada bayan mahaifiyarka ta fita takaba, kai kuma ka bi su Asabar da Lahadi a matsayin ɗan amshi, aikinka na makaranta yana nan. Ko da a ƙarshe ka ga ba za ka yi ba, ka zauna da su da wayarka ka naɗi kowane take, su gaya maka na wane ne da dalilinsa. Wannan ko baffanka ba zai kira shi roƙo ba.

Waƙar marigayin da take zuwa maka kuwa, ka adana ta, kada ka fara fita da ita a gidan biki. Mutane sun zo murna ne, sun kashe kuɗinsu, ba za su gode maka ba idan ka sa uwar amarya kuka. Ranar farko da za ka ji an kaɗa takensa babu shi a wurin, ƙafarka za ta yi sanyi, murya ta ƙi fita, don haka gara wannan ranar ta same ka a layin baya.

Ɗan Makaɗi, daga ƙasar Ringim

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa baffa bayanin Manomi a kan gado, ya amince a dakata har Inna ta fita takaba, sannan a kira limamin garinmu ya duba dukiyar gaba ɗaya. Shawarar Yaya ta Haɗeja ma na ɗauka, ƙanwar Inna za ta zo ta kwana biyu a wurinta, manyana kuma za su je gidan su yarinyar. Na sami babban 'yan amshin da maganar ya ja ƙungiyar a bana, bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya dai ce in zo da wayar ranar Juma'a bayan la'asar mu fara da taken mahauta.

Saura tambaya ɗaya ga Baba Hedimasta, tunda ya san aikin: idan malamin firamare yana bin makaɗa a ƙarshen mako a garin da ɗalibansa suke, shin yana bukatar ya sanar da shugaban makarantarsa tun da wuri, kuma yaya ake yi da iyayen yara idan suka kawo ƙorafi?